ZANCEN MALAM: Hancin Mota

  A watan jiya na yi alkawari za mu ci gaba da zancen ƙwarin rumbu da ajiyar wake, amma ku yi mini haƙuri, na ɗaga shi zuwa gaba. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, na kuwa nemi izinin waɗanda abin ya shafa, sun ce in rubuta muddin ban kama suna ba. Magana ce a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba, wanda ya kusa sa mu ɓata sunan yaro marar laifi.

Ikilisiyarmu a nan ƙasar Rimin Gado ƙarama ce, kusan dukanmu manoma ne. Muna da mota guda ɗaya, tsohuwar Toyota Camry ƙirar 1999, 'yar Kwatano, wadda ta ci ƙuruciyarta a Amurka kafin ta iso hannunmu. Wani ɗanmu da ke aiki a Kaduna ne ya ba da ita kyauta. Ita ke kai Pasto taro, ita ke ɗauko littattafan makaranta, amma babban aikinta na dare ne: mace mai naƙuda, yaron da zazzaɓi ya sa shi suma, wanda maciji ya sara a gona. Ba mu tambayar addinin marar lafiya, maƙwabtanmu Musulmi ma sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Mai tuƙa ta wani saurayi ne, ɗan gwauruwa, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, ta hannuna ya bi a aji shida. Ba albashi ake ba shi ba, ɗan kuɗin sabulu ne kawai.

Kun dai san yadda sha'anin fetur ya zama. Kafin ran 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, kuɗin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki sai ta haura naira 500 a nan Arewa, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Daga baikon ran Lahadi ake sayen man motar nan, watau daga kuɗin gyaɗa da dawa na mutanen da ba su da rara. Saboda haka ma'ajinmu, dattijo mai amana wanda ba ya barin ko kwabo ya ɓace masa, ya buɗe littafi yana rubuta kowace lita.

A cikin littafin nan ne abin ya fara bayyana. Tafiya cikin Kano da dawowa, wadda lita 6 ke isar ta a da, sai ta koma lita 7, kafin ƙarshen kaka ta 2024 ta kai 8. Hanya ba ta ƙara tsawo ba, ga ta nan yadda take, a bi ta Janguza a wuce sabuwar jami'ar Bayero a shiga gari. Ina lita biyu ke tafiya? Sai wani ya ce ya ga yaron tsaye wajen 'yan bumburutu. Wani ya ce ya gan shi da sabon takalmi. Ba wanda ya ce ya gan shi da tiyo a bakin tanki, amma maganar ta yi ta yawo daga gona zuwa bakin rijiya har ta zauna da gindinta. Uwarsa ta daina zuwa zumuntar mata.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ni ne magatakardan kwamiti, da hannuna na rubuta shawarar da aka yanke, a raina kuma na riga na gaskata.

Abin da ya kawo ƙarshen haƙurin dattawa ya faru wani dare cikin sanyi. Aka ɗauki wata 'yar'uwa mai naƙuda za a kai ta asibiti a Kano, bisa ga lissafin ma'aji kuwa man da ke cikin tanki ya isa zuwa da dawowa. An kai ta lafiya, ta sauka lafiya, godiya ga Allah, amma a hanyar dawowa mota ta mutu da mijin da tsohuwarsa a ciki, sai da yaron ya taka da ƙafa ya nemo galan. Da a hanyar zuwa ta mutu fa? Ran Lahadi bayan sujada aka kira shi. Ma'aji ya ce, “Ɗana, ba mu ce ka yi sata ba, amma kawo makullin tukuna.” Yaron ya durƙusa ya miƙa, ya ce, “Baba, Allah ya sani ban taɓa ɗiban ko cokali ba.” Ba wanda ya amsa masa.

Da yake ina da lasin, ni aka ba makullin. Na cika tanki har baki a gidan mai, na rubuta lambar kilomita da ke jikin agogon mota, na yi sati biyu ba wanda ya taɓa sitiyari sai ni, da dare kuma makullin yana ƙarƙashin matashina. Sa'an nan na koma gidan man nan, famfon nan, na sake cikawa. Na kai lambobin aji na ba yara su yi mini rabawa a kan allo, don kada in ce ni na yi kuskure. Amsa ta fito: motar tana shan mai a hannuna daidai da yadda take sha a hannun yaron, har da ɗan ɗori. Ranar na kasa cin tuwon dare. In shi ɓarawo ne, to, ni ma ɓarawo ne.

Wannan hanyar awo, ku riƙe ta, gama ita ce kaɗai mai gaskiya. Allurar mai da ke gaban direba ba abin dogara ba ce a tsohuwar mota. A cika, a rubuta kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. Da mun yi haka tun farko da wani direba dabam, da ba a kai ga durƙusar da kowa ba.

Muka fara neman dalili. Wani dattijonmu da ya yi shekaru yana tuƙa Fijo 504, irin wadda ake harhaɗawa a Kaduna a da, ya ce maganin abin shi ne a cire dukan wayoyin nan a sa mata kafireto kamar motocin da, wai injekta ba ta dace da ƙasarmu ba. Na san ana yi wa motocin haya da yawa haka, amma ban yarda ba, domin wanda ya yi haka ya zubar da abin da ke auna masa mai ke nan, ya koma auna shi da kunne da sukudireba. Bakaniken garinmu ya canja fulogi, ya ce tsofaffin sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya busa matatar iska, ƙurar hunturu ta fito kamar an kaɗa buhun gari. Ta ɗan yi sauƙi, amma shan mai bai koma daidai ba. Shi da kansa, Allah ya saka masa, ya ce, “Malam, wannan ta fi ƙarfina, ku kai ta Kano a sa ta a kwamfuta.”

Mai wayarin da muka samu a Kano, abin da ya fara yi ya ba ni kunya. Ya murɗa makulli bai ta da inji ba, ya ce in dubi fitilun da ke gaban direba. Ta batir ta kama, ta baƙin mai ta kama. Ya ce, “Ina ta inji?” Babu. Ashe akwai wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa da ya kamata ta kama in an murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi, in kuwa ta zauna a kunne to mota tana kuka ne. Da ya buɗe sai ga gurbin ƙwan fayau, wani ya cire shi tun kafin motar ta zo mana, don kada mai saye ya gani. Ƙila ta yi shekara tana ƙoƙarin gaya mana ciwonta, an toshe mata baki. Duk mai niyyar sayen tsohuwar mota ya yi wannan gwaji kafin ya biya, ba ya cin ko sisi.

Sa'an nan ya jona na'urarsa a wata 'yar kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Tun daga 1996 doka ta sa kowace ƙaramar mota da za a sayar a Amurka ta kasance da wannan kafa, shi ya sa yawancin 'yan Kwatano ke da ita. Lamba ta fito, P0133. Ya ce, “Oksijin sensa ne, na gaba. Ya tsufa, ya yi nauyin jiki.”

To, mene ne wannan abu? Ni dai hancin mota nake ce masa, domin aikinsa shaƙar hayaƙi. Bari in bayyana kamar yadda na yi wa 'yan ajina.

Wuta ba ta ci sai da iska, kowace mai girki ta san wannan. In itace ya yi yawa a murhu iska ta kasa shiga, sai hayaƙi ya turnuƙe, itace ya ƙare a banza, tukunya ta yi baƙi. In iska ta yi yawa itace kaɗan, wuta ba ta da ƙarfi. Inji ma haka yake. Abin da ke sa wuta ci a cikin iska shi ake kira oksijin, shi ne kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Masana sun auna sun ga fetur yana ƙonewa sarai in an haɗa kilo ɗaya nasa da kilo 14.7 na iska. Watau lita ɗaya ta fetur tana bukatar iskar da za ta cika duro wajen 45. A tsofaffin motoci kafireto ke wannan haɗi, shi kuwa ba ya ji ba ya gani, yadda aka ɗaure shi haka yake zuba. A motocin injekta akwai ƙwaƙwalwa, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke yanke yawan man da za a fesa. Amma ƙwaƙwalwa tana cikin akwati a rufe. Yaya za ta san ko ta zuba da yawa ko kaɗan? Sai ta tambayi hanci.

An ɗaura shi ne a jikin bututun hayaƙi, kansa a ciki, wutsiyarsa da wayoyi a waje. A cikin kan akwai wani ɗan kasko kamar na tangaran, an yi shi da wani ma'adini da ake kira zirkoniya, an shafe shi ciki da waje da filatinam, ƙarfe mai tsadar gaske. Gefe ɗaya na kaskon yana taɓa hayaƙi, ɗaya gefen yana taɓa iskar waje. In ya yi zafi sosai, kamar digiri 300 ko fiye, sai ya zama kamar ɗan ƙaramin batir, yana ba da lantarki gwargwadon bambancin oksijin da ke gefen nan biyu. In mai ya yi yawa ya cinye oksijin duka, sai ya ba da wajen kashi 9 cikin 10 na bolt ɗaya. In mai ya yi kaɗan oksijin ya ragu a hayaƙi, sai ya sauka wajen kashi ɗaya cikin 10. Ƙwaƙwalwa tana jin haka sai ta rage ko ta ƙara, hanci ya sake shaƙa ya sake faɗa, haka suke ta yi ba hutawa muddin inji yana aiki. Mai wayarin ya nuna mini a na'urarsa. Ya ce lafiyayye yakan yi sama ya yi ƙasa wajen sau ɗaya kowace daƙiƙa in an ɗan taka totur. Namu kuwa sai ya kwanta a ƙasa ya daɗe, kamar tsohon jaki, sa'an nan ya ɗaga da ƙyar. Duk lokacin da yake kwance yana gaya wa ƙwaƙwalwa mai bai isa ba, ita kuma tana ta ƙarawa. Can lita biyunmu ke tafiya, ta bututun hayaƙi, a kan hanyar Gwarzo.

Kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ne ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1960, kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin kuma ya fara sa shi a mota a 1976, saboda dokar hana gurɓata iska ta jihar Kalifoniya a Amurka. Na farkon waya ɗaya gare su, sai hayaƙi ya gasa su kafin su fara aiki. Daga baya aka sa musu abin ɗumama kansu a ciki, shi ya sa za ku ga mai waya uku ko huɗu. Masu ƙera shi suna ba da shawara a canja irin na zamani bayan kilomita 100,000 zuwa 160,000. Tamu ta ninka haka, ga alama kuma wanda ta fito da shi daga masana'anta ne. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta taɓa bayyana cewa gyaran wannan abu, in ya lalace ƙwarai, yana iya ƙara nisan da mota ke yi da lita har kashi 40 cikin ɗari.

Ba tsufa kaɗai ke kashe shi ba, akwai guba. Babbar gubarsa a da ita ce dalma da ake zubawa a fetur. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi yarjejeniya a Dakar a 2001 za su daina, suka kuwa daina kafin shigowar 2006, ƙasar Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Wannan ya wuce. Waɗanda suka rage su ne na hannunmu: gam ɗin da makanikai ke lafta wa inji maimakon sayen gasket, domin wani irinsa tururinsa yana rufe kan sensa da farin gari, baƙin mai in inji ya fara ƙona shi, ruwan lagireto in gasket ɗin kan inji ya ƙone, da gurɓataccen mai na bakin hanya wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba. Saboda haka in an ciro tsohon a dube shi da kyau, launinsa labari ne. Namu baƙar kunkunniya ce kawai. Da fari ne kamar alli, da sai mu nemi inda gubar ke fitowa tukuna, in ba haka ba sabon ma zai bi sawun tsohon.

Wani abu kuma da ya sa na yaba wa mai wayarin nan: bai ce mu je mu sayo nan da nan ba. Ya ce lamba tana nuna inda za a duba ne, ba ta yanke hukunci. Ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci yana saurare ko akwai huji ko tsagewa tsakanin inji da sensa, gama in iskar waje tana shiga ta nan, lafiyayyen hanci ma zai ce mai bai isa ba. Ya bi wayoyin da hannu ko ɓera ya ci ko zafi ya narkar. Ya duba fis. Sai da ya ga duka lafiya ya ce to, a canja. Na tsaya ina kallonsa ina tuna zamanmu na kwamiti. Bakanike ya ƙi ya hukunta ƙarfe sai ya bincika ta ko'ina, mu kuwa da muke koya wa yara Dokoki Goma, har da wadda ta hana shaidar zur, mun hukunta mutum a kan sabon takalmi.

Wajen saye akwai tarko uku da na gani da idona a Ƙofar Ruwa. Na ɗaya, motar tana da sensa biyu. Na gaba, kusa da inji, shi ke da ruwa da awon mai. Na baya yana bayan wani tulu ne da ke cikin bututun hayaƙi, mai saƙa a ciki kamar ta zuma, wanda makanikai ke kira indomi, babban aikinsa kuwa ya duba ko indomin nan yana tace hayaƙi. Wani mai shago ya so mu ɗauki biyu. Ba laifi ga mai hali, amma don rage shan mai na gaba ne magana, shi kaɗai muka saya. Na biyu, ba kowane mai waya huɗu ne ɗaya ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 wasu motocin Toyota suna da wani iri dabam a gaba, kamanninsa ɗaya, yana shiga ramin daidai, amma harshen da yake yi wa ƙwaƙwalwa dabam ne. In an musanya su, an sayi wahala da kuɗi. A tafi da tsohon a hannu, a gwada lambar da ke jikinsa da bakin soket ɗinsa. Na uku shi ne na Beljiyam, watau na hannu. Yana da araha, wani ma na asali ne, amma ba wanda zai gaya maka kilomita nawa ya riga ya yi. Ga kuma jabu cikin kwali mai kyau ɗauke da sunan manyan masu ƙerawa irin su Denso da Bosch da NTK. Mu dai mun sayi sabo a hannun wanda mai wayarin ya tsaya masa, da sharaɗin in na'ura ta ƙi shi a mayar.

Kuɗinsa ya yi daidai da na fetur lita 50 a lokacin. Ma'aji ya riƙe baki. Na ce, “Baba, mu yi lissafi. Sau uku muke shiga Kano a sati, kowace tafiya muna zubar da lita 2, lita 6 ke nan. Cikin wata biyu ya biya kansa.” Ya ƙirga a yatsu, ya buɗe jaka.

Sa shi ba wuya, na tsaya an yi a gabana, ko rabin sa'a bai ɗauka ba. A irin tamu ana ɗaga bonet ana ganinsa a gaban inji. An bar inji ya ɗan yi ɗumi domin ƙarfe ya saki, amma ba zafin da zai ƙona hannu ba. Aka fara zare soket ɗin waya, don kada ta nannaɗe ta tsinke wajen murɗawa. Aka fesa man sassauta tsatsa a gindinsa aka jira. Sifana mai lamba 22 ke kama shi, akwai ma wani soket mai tsaga a gefe da aka yi musamman don waya ta wuce. Wasu tsofaffin Toyota kuwa noti biyu ke riƙe nasu. In ya ƙi, a ƙara mai a ƙara jira, kada a sa masa dogon bututu a hau da ƙarfi, gama in zaren ramin ya lalace aiki ya koma na mai walda. Sabon yakan zo da ɗan maiƙo a zarensa, kada a goge, kada kuma a bar shi ya taɓa kan. A fara murɗawa da yatsu har ya zauna, sa'an nan a ɗaure da sifana daidai wa daida, kamar yadda ake ɗaure fulogi. A mayar da waya cikin maƙalanta nesa da bututu mai zafi. Daga nan aka share lambar da na'ura, aka sa sabon ƙwai a gurbin fitilar nan.

Abu biyu ya gargaɗe ni a kai. Kada a yarda a wanke tsohon da fetur a mayar, wai an gyara. Kunkunniyar waje za ta fita, amma tsufan yana ciki. Kada kuma a yanke wayoyi a haɗa bisa ga launi, domin launin kowane kamfani dabam ne. A na Bosch baƙar waya ce ke kai saƙo, farare biyu na ɗumamawa ne. A na Denso kuwa shuɗiya ce ke kai saƙo, baƙaƙe biyu su ne na ɗumamawa. Wanda ya haɗa baƙi da baƙi ya ɓata aiki. Ni kuma in ƙara nawa: in aikin na ƙarƙashin mota ne, kada kowa ya shiga alhali jak kaɗai ke riƙe da ita, a sa kututture ko taya. Kada kuma a bar inji yana aiki cikin rufaffen wuri, hayaƙinsa yana da guba marar wari mai kashe mutum cikin barci, irin dai wadda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki.

Kafin mu tashi ya taɓa tiyon lagireto ya girgiza kai. Ya ce an cire mata tamostat, an kuma haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda ake yi wa yawancin motocin ƙasar nan wai don kada su yi zafi. To, inji mai sanyi ƙarin mai ƙwaƙwalwa ke ba shi, ba ta ma sauraron hanci sosai sai ya ɗumama. Da safiyar hunturu irin ta Disamba, motar da aka yi wa haka tana iya yin tafiya mai nisa ba ta kai zafin aikinta ba. Ya kuma ce mu gode Allah indominmu bai narke ba, domin ɗanyen man da ke wucewa yana ƙonewa a cikinsa, shi kuwa ya fi sensa tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa ɓarayi ke farautarsa.

Na sake awon sati biyu. Tafiyar Kano ta dawo lita 6 da rabi. Ba ta koma 6 cif ba, ina tsammani rabin nan na tamostat ne.

Sauran aikin ya fi canjin sensa wuya. Na karanta wa kwamiti lambobin duka, na kuma ajiye tsohon ƙarfen a kan tebur. Wani ya ce tun da ba a taɓa cewa yaron ya yi sata a fili ba, a mayar masa da makulli shiru kawai. Ma'aji ne ya ƙi. Ya ce a gaban mutane aka karɓa, a gaban mutane za a mayar. Da yamma ni da shi da Pasto muka tafi gidan uwar yaron tukuna. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta saurara har muka gama, ba ta ce kome ba sai, “Na ji, Baba.” Ran Lahadi dattijon nan mai furfura ya tashi a gaban jama'a da ƙarfen a hannunsa, ya ce ga ɓarawon, ya juya wajen yaron ya ce, “Ɗana, ka gafarta mini.” Ni ma na tashi na faɗi nawa, na kuma karanta sabuwar shawarar da ta soke wadda na rubuta. Takalmin nan, ashe ƙanin uwarsa ne ya aiko masa daga Zariya.

Yaron ya karɓi makullin, amma da sharaɗi guda da ya kawo da kansa: daga yau kowane sayen mai mutum biyu za su sa hannu a littafi, kowane ƙarshen wata kuma 'yan aji shida su yi rabawar a kan allo. Uwarsa ta dawo sujada, ko da yake har yanzu a bencin baya take zama, ba ta kuma koma zumuntar mata ba tukuna. Matar Pasto tana zuwa wurinta. Tsohon sensa yana cikin akwatin alli a ajina, ina koyar da darasin iska da shi. Tamostat kuwa mun sa shi cikin lissafin bayan girbi, in Ubangiji ya kai mu. A wata mai zuwa sai mu koma kan wake.